Na kasa karatu saboda waya: da gaske dofamin ɗina ne ya ƙare?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibi ne a shekara ta uku a jami'a. A da nakan zauna awa biyu ina karatu ban ɗaga kai ba. Yanzu ko shafi ɗaya ba na gamawa sai hannuna ya kai ga waya, kuma in na shiga TikTok da dare wani lokaci sai dai in ji kiran Asuba. Na ga bidiyoyi ana cewa dofamin ɗina ne ya ƙare, wai in yi "azumin dofamin" na mako guda, in riƙa wanka da ruwan ƙanƙara, in sayi ƙwayoyin ƙara shi. Gaskiya ne? Me zan yi kuzarina ya dawo?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanina. Kwantar da hankalinka, dofamin ɗinka, wato sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, bai ƙare ba. Da ya ƙare, da ko wannan saƙon ba ka iya rubuto mini shi ba. Mun san yadda mutum yake komawa idan wannan sinadari ya yi ƙaranci da gaske, domin abin da ke faruwa ke nan a cutar Parkinson: ƙwayoyin halittar da ke samar da shi a can tsakiyar ƙwaƙwalwa suna mutuwa a hankali, sai jiki ya sanƙare, hannu ya riƙa karkarwa, tashi daga kujera ma ya zama aiki. Tun a 1957 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, ya ba zomaye maganin da ke zuƙe irin wannan sinadari daga ƙwaƙwalwa, suka kwanta kamar gawa, da ya ba su L-DOPA, wato abin da jiki ke juyawa ya zama dofamin, suka miƙe suka ci gaba da harkarsu. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2000. To wanda yake da ƙarfin jan allon waya da yatsa tun daga Isha'i har Asuba, dofamin ɗinsa yana aiki sosai. Abin dubawa shi ne inda ya karkata.

Masu waɗannan bidiyoyi sukan ce dofamin shi ne sinadarin jin daɗi, kuma daga nan kuskurensu ya faro. Kent Berridge da Terry Robinson na Jami'ar Michigan a Amurka sun shafe shekaru suna nuna cewa marmarin abu daban, jin daɗinsa kuma daban, kowanne da hanyarsa a ƙwaƙwalwa. An lalata kusan dukkan dofamin ɗin wasu ɓeraye, sannan aka ɗiga musu ruwan sukari a baki. Suka lashe baki irin yadda lafiyayyen ɓera ke yi in ya ji zaƙi. Daɗi dai suna jin sa. Amma ga abinci a gabansu, ba za su taka su je su ci ba, sai an ɗura musu, in ba haka ba yunwa ta kashe su. Abin da suka rasa shi ne yunƙurin nema. Yanzu tambayi kanka tsakaninka da Allah: da ƙarfe biyun dare, bidiyo na ɗari da kake kallo, daɗinsa kake ji? Yawancin masu kawo mini irin wannan kuka cewa suke yi a'a, idonsu ma zafi yake yi, ransu a ɓace, amma yatsa ya ƙi tsayawa. Marmari ne ya ci gaba da gudu bayan daɗi ya daɗe da sauka.

Abu na biyu ya fito ne daga aikin Wolfram Schultz, wanda ya riƙa sauraren ƙwayoyin halittar da ke samar da dofamin ɗaya bayan ɗaya a ƙwaƙwalwar birai, aka kuma buga fitaccen bayaninsa a 1997 tare da Peter Dayan da Read Montague. In aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, ƙwayoyin sai su yi tsalle. In aka saba kunna fitila kafin ruwan ya zo, bayan ɗan lokaci sai tsallen ya koma kan fitilar, zuwan ruwan kansa kuma ba ya ƙara motsa su, tunda an riga an san yana tafe. In kuwa fitila ta kama amma ruwa bai zo ba, a daidai lokacin da ya kamata ya zo sai su yi tsit, su faɗi ƙasa da yadda suke a da. Wato abin da suke aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu, kuma da wannan ne ƙwaƙwalwa take koyon wace alama ce ta cancanci a bi.

Duba wayarka da wannan ido. Ba ka san abin da bidiyo na gaba zai kawo ba. Goma shirme ne, na sha ɗaya ya sa ka dariya har da hawaye. Tunda ba a iya hasashe, ƙwaƙwalwa ba ta taɓa sabawa ta huce ba. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce masanin halayya ɗan Amurka B. F. Skinner ya nuna da tattabaru cewa ladar da ke zuwa jefi-jefi, ba a san ranarta ba, ita ce ta fi sa dabba naci. A kan wannan aka gina na'urorin caca, kuma shi ne ke riƙe samarin da ke cika shagunan cacar ƙwallo. Ƙarar shigowar saƙo, jan ɗigon da ke kan WhatsApp, har ma nauyin wayar a aljihunka, duk sun zama fitilar birin nan.

Na uku, wanda a ganina ya fi kusa da matsalarka, aikin John Salamone ne a Jami'ar Connecticut. Ya ajiye wa ɓera zaɓi biyu: a ɓangare ɗaya abinci mai yawa amma sai ya haura shinge, a ɗaya ɓangaren abinci kaɗan ba wahala. Lafiyayyen ɓera haurawa yake yi. Da aka rage masa dofamin a sashen da ke kula da wannan lissafi, sai ya koma ga ɗan kaɗan ɗin mai sauƙi. In an cire shingen kuma, ya koma ga mai yawa. Ashe bai daina son abincin ba, wahalar ce ya ga ta yi masa tsada. Dofamin kamar dillali yake a kasuwa: kowane aiki aka kawo sai ya taya, ya duba ko ribar ta kai kuɗin da za a biya. Littafin darasinka farashinsa sama yake, ribarsa kuma sai ƙarshen zango. Waya farashinta motsa yatsa ne, biyanta nan take. Ba lalaci ba ne ya sa ka sayi na biyun, ciniki ne aka shirya shi yadda dole ka faɗi. Don haka duk abin da zan gaya maka a ƙasa komawa yake ga abu biyu: ka canza alamomin da ke kewaye da kai, ka kuma canza farashi.

Kafin nan bari in sallami abubuwa ukun da ka ambata. Azumin dofamin ya yi tashe ne a 2019 daga wani masanin halayyar ɗan'adam a Kalifoniya mai suna Cameron Sepah, kuma shi kansa ya bayyana cewa ba rage sinadarin yake nufi ba, tsohuwar dabara ce ta nisanta mutum da abin da ke tunzura masa mummunar ɗabi'a. Mutane ne suka ɗauka suka kai ta inda bai kai ba, har da masu ƙin magana da kowa da ƙin kallon fuskar mutane. Mako ɗaya babu waya zai iya nuna maka yawan lokacin da kake zubarwa, wannan kam yana da amfani. Amma in ka dawo ranar ta takwas ka tarar da komai yadda ka bar shi, wayar a gefen filo, manhajojin a inda suke, kafin sati ya zagayo ka koma gidan jiya.

Maganar ruwan sanyi kuwa ta samo asali ne daga wani bincike na ƙasar Cek da aka buga a 2000, inda aka tsoma samari cikin ruwa mai sanyin digiri 14 har wuya, na tsawon awa guda, aka ga dofamin ya ƙaru da kashi 250 cikin ɗari. Abin da ba a faɗa maka shi ne, a jini aka auna, ba a ƙwaƙwalwa ba, kuma dofamin ɗin da ke yawo a jini ba ya iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. In wanka da ruwan randa da safe yana wartsake ka, bismillah, ba zan hana ka ba. Sai dai mai ciwon zuciya ko hawan jini kada ya gwada faɗawa cikin ƙanƙara.

Ƙwayoyin ƙara dofamin kuma, ka riƙe kuɗinka. Ƙwaƙwalwa da kanta take ƙera nata daga wani sinadarin gina jiki mai suna tairosin, wanda yake cikin wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi da nama. Mai cin ƙosai da kunun gyaɗa ba ya rasa shi. Wasu daga cikin abubuwan da ake tallatawa garin 'ya'yan karara ne, kuma shi da gaske yana ɗauke da L-DOPA, wato magani ne sosai, yana iya jawo tashin zuciya, jiri da ruɗewa. Kuma ko da ya ƙara maka dofamin ɗin, wa ya ce wajen littafi zai kai ka? Likitocin jijiyoyi sun daɗe da sanin cewa wasu masu Parkinson da ake ba magungunan da ke kwaikwayon dofamin, irin su pramipexole, sukan faɗa caca ko sayayya ba kan gado, mutanen da ba su taɓa yin haka ba a rayuwarsu, kuma abin yakan lafa in an rage maganin. Ƙarin dofamin ƙarin nacin bin abin da ya fi kusa ne.

To daga ina za ka fara? Daga barci, ba daga jadawalin karatu ba. Nora Volkow, shugabar cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka, ita da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar lafiyayyun mutane bayan an hana su barci dare ɗaya, a binciken da suka buga a 2012. Suka ga wuraren da ke karɓar saƙon dofamin sun ragu a sashen da ke da alaƙa da ƙwazo, kuma raguwar ta tafi tare da kasala da gyangyaɗi. Dare ɗaya tak. Kai kuwa ka ce kiran Asuba ke riskar ka ido biyu. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, inda ake riƙe hankali a kan abu ɗaya a kuma ce wa zuciya a'a, shi ne farkon wanda rashin barci ke raunanawa. Shi ya sa abin yake zagaye: ba ka yi barci ba, da rana ka kasa karatu, ranka ya ɓaci, da dare ka nemi sauƙi a waya, ka sake rasa barci.

Baligi yana buƙatar awa bakwai zuwa tara. Ga wanda zai tashi Asuba, lissafin a fili yake, ƙarfe goma ya kamata a ce ya kwanta. Na san babban abokin gabarka a nan: datar dare mai araha da kamfanonin waya ke sayarwa, wadda sai tsakar dare take fara aiki. Ɗalibi yakan ce ai tattali yake yi. In akwai abin da za ka sauke, ka saita shi ya sauka da kansa ka kwanta. In ba zai yiwu ba, ka bar garaɓasar, domin abin da take ci a jikinka ya fi abin da take rage maka a aljihu. Wayar kuma kada ta kwana inda hannunka zai kai kana kwance. Ka sa ta caji a ɗaya ƙarshen ɗakin, ko ka ba abokin kwananka ya jefa a akwatinsa. In ka ce da ita kake tashi, ƙaramin agogo mai ƙararrawa ba shi da tsada, ladanin unguwa kuma kyauta yake yi.

Ka kula da shayi, kofi, goro da lemukan ƙara kuzari. Kafeyin ɗin da ke cikinsu toshe saƙon gajiya yake yi a ƙwaƙwalwa, kuma bayan kamar awa biyar rabinsa na nan a jiki. Wanda ya sha shayi mai kauri a teburin mai shayi da ƙarfe tara na dare, da ƙarfe biyu rabin abin yana nan yana aiki. Ka tsayar da shi daga Azahar. Da safe kuma, bayan gari ya waye, ka fita ka sha hasken rana ko da na minti goma sha biyar ne, domin haske ne ke saita agogon jiki, shi zai sa barci ya zo maka da wuri da dare. In rana ta yi ka ji nauyi, ƙailula ta minti ashirin ta isa. In ta zarce awa, barcin dare za ta ci.

Sai maganar farashi. Na san za ka ce takardun darasinku duk a waya suke, a zauren WhatsApp na aji ake turo su. Wannan ita ce babbar ƙofar da ake kama ku: ka buɗe waya don karanta darasi, saƙo ya faɗo daga sama, shi ke nan. Ka buga takardun a shagon kwamfuta, ko ka kwafe abin da za ka karanta yau da hannu, sannan ka tafi ɗakin karatu ko aji ba tare da wayar ba. Ba a aljihu a kashe ba, a bar ta a ɗaki. TikTok ɗin ka cire shi daga wayar gaba ɗaya. In kana son kallo, ka shiga ta burauza, ka sa kalmar sirri kowane lokaci, ka fita in ka gama. Ka kashe duk sanarwa in ban da kira. Waɗannan ƙananan wahalhalu su ne shingen ɓeran Salamone, sai dai wannan karon a gaban abin da kake son gudu ka gina shi. Kada ka dogara da ƙarfin zuciya, domin ita ma gajiya take yi, kuma da dare ta fi rauni.

A ɗaya ɓangaren kuma sai ka karya farashin karatu. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne jiran kuzari ya zo kafin su fara. Sau da yawa a baya yake biyowa: sai an fara, an ga an ɗan ci gaba, sannan sha'awar ci gaba ta taso. Don haka kada ka ce yau awa huɗu za ka yi. Ka ce shafi biyu, ko minti goma, abin da ko kana jin kasala ba za ka iya ƙi ba. Ka bar littafin a buɗe tun dare a shafin da za ka fara, biro a kai. Ka kuma ɗaura shi a jikin abin da kake yi kullum ba fashi. Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan'adam ɗan Jamus, ya nuna cewa wanda ya ƙayyade lokaci da wuri, ya ce in kaza ya faru zan yi kaza, ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya ce kawai zan ƙoƙarta. Kai kuwa ranarka a yanke take gida biyar tun asali. "In na idar da Asuba na yi azkar, zan zauna a teburin nan in buɗe shafi na arba'in kafin in taɓa waya." Wannan ya fi "zan dage da karatu" sau goma. Kalmomin nan na ƙarshe, kafin in taɓa waya, su ne ƙashin bayan maganar, domin in ka fara da ita, littafi zai zo maka lami.

Akwai wani bincike na 2013 daga ɗakin gwajin Ann Graybiel a jami'ar MIT ta Amurka da nake son ɗalibai su sani. An ga dofamin ɗin ɓera yana hawa sannu a hankali yayin da yake matsowa kusa da inda ladarsa take. Ganin ƙarshen tafiya yana ƙara ƙaimi. "Karanta kwas ɗin nan" ba shi da ƙarshen da ido zai gani. "Amsa tambayoyi biyar daga jarrabawar bara" yana da shi. Shi ya sa nake fifita amsa tambayoyi a kan maimaita karanta takarda: ka rufe littafi, ka rubuta abin da ka tuna, ka buɗe ka duba. Ko ka ci ko ka faɗi, ba ka sani ba sai ka duba, kuma wannan ɗan rashin tabbas irin wanda waya ke sayar maka ne, ga shi kuma an tabbatar gwada kai ya fi sa karatu zama. In ka gama zama ɗaya, hutunka ya kasance tashi, shan ruwa, ɗan zagaye. Hutun minti biyar a waya ba ya ƙarewa a minti biyar, kai ma shaida ne.

Motsa jiki ba zan tsawaita a kansa ba, amfaninsa ga barci da yanayin rai sananne ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici. Tafiya da sauri daga masauki zuwa aji maimakon hawa adaidaita, ko ƙwallon yamma, sun wadatar.

Kwanakin farko za su yi maka ɗaci, gara in gaya maka tun yanzu. Za ka riƙa laluben aljihu babu komai, zaman shiru ya gundure ka, ka ji kamar ana wani abu a duniya ba da kai ba. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, amma wannan turken ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba. Ƙaiƙayin yakan taso, ya kai ƙololuwa, ya sauka da kansa cikin 'yan mintuna in ba ka biya masa ba, kuma duk lokacin da alama ta zo lada ba ta biyo ba, ƙarfinta raguwa yake. Kada kuma ka yarda da masu cewa kwana 21 ake kafa ɗabi'a. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga tsaka-tsakin lokacin da take zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. In ka zame ranar Talata, Laraba ka koma teburinka, ba sai ka jira sabon wata ba.

Akwai wata hanya da nake roƙon ka kada ko kusa ka bi. A makarantu akwai masu ba abokai tiramadol ko maganin tari mai kodin, wai yana sa a daɗe ana karatu ko a manta damuwa. Waɗannan su ne suke taɓa tsarin dofamin da ƙarfin da babu wata waya da ta kai, kuma a masu shaye-shaye ne hotunan ƙwaƙwalwa suka nuna raguwar masu karɓar dofamin mai ɗorewa. Binciken ƙasa na 2018 da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Tiramadol kuma, ban da kamu, yana jawo farfaɗiya in an sha da yawa.

Ba kowace kasala ce ta waya ba. In ka gyara barci, ka nisanta waya na wata guda, amma abin bai motsa ba, ka je asibitin makaranta a duba jininka, domin ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo da zazzaɓin da bai warke sosai ba duk suna kawo mutuwar jiki da rashin natsuwa. In kuwa ka kai mako biyu ko fiye kana cikin ƙunci, abin da kake so a da ya daina burge ka, cin abinci ya canza, ko tunanin gara mutuwa yana zo maka, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma kada ka jira wata gudan nan, ka nemi likita a wannan makon. Haka nan in tun kana firamare ake kuka da kai kan rashin zama wuri ɗaya, mantuwa da kasa gama aiki, a auna ka ko kana da larurar ƙarancin natsuwa da ake kira ADHD, ko da yake yadda ka ce a da kana awa biyu ba ka ɗaga kai ba ya sa ban fi zarginta ba. Akwai sashen masu wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware a jihar Sakkwato. In za ka je, ka tafi da rubutaccen lissafin mako biyu: ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa ka tashi, awa nawa wayar ta nuna ka yi a kanta, da duk wani magani ko abin sha da kake amfani da shi.